Tsakanin Fada da Faɗa: Hirar Salula a Korahane da Sakacin Masu Ilimi

Masu iya magana sun ce, raina kama ka ga gayya. Cikin abubuwan da malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu suka fi rainawa a wannan zamani, babu kamar hirar da samari ke yi a fada bayan sallar isha'i, kowa riƙe da salularsa. Ana kallon ta a matsayin zaman kashe wando, da surutun marasa aikin yi, da alamar lalacewar tarbiyya. Wannan hukunci kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada, domin a kan waccan tabarma da ake wucewa ana yatsina fuska, a can ne ake yanke wa harshen Hausa yadda za a rubuta shi, da abin da za a kalla da shi, da abin da za a gaskata a cikinsa. Waɗanda ya kamata a ce da bakinsu a wannan shawara kuwa, su ne suka ƙaurace wa wurin.

A ɗauki Korahane, ƙaramar hukumar karkara da ke cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, ta zama misali. Yanki ne na manoman gero da wake da kuma makiyaya, inda Hausawa da Fulani da Abzinawa ke cin kasuwa ɗaya. Ba gari ne da ake zuwa neman gidan silima ko kantin littattafai ba. Amma idan aka idar da isha'i aka ci tuwo, sai a shimfiɗa tabarma a gindin katanga, a hura gawayi, a ɗora butar shayi. Kafin a sauke ruwan fari, wayoyi sun fito, yawancinsu Itel da Tecno, waɗanda aka biya kuɗi aka caja da rana a wurin mai allon hasken rana. Hira sai ta kasu gida uku. Da farko ƙorafi ne kan halin na'ura: ta wane ta ce ta cika alhali bai san abin da ya cika ta ba, ta wane tana sauya masa kalma da zarar ya rubuta, ta wane kuma ta nuna masa ƴan akwatuna da alamun tambaya a maimakon saƙon da ƙaninsa ya aiko daga Agadas. Daga nan sai a gangaro kan fim: wane kashi na wane shiri ya fito, wa ya fi wani iya fassarar Indiya, wa zai shiga Dakoro ranar kasuwa a ba shi katin memori ya kai wa masu turi su cika. Daga ƙarshe sai a baje tsince-tsince, wato abin da kowa ya ci karo da shi lokacin da rezo ya yi kirki: wa'azi, da waƙa, da farashin awaki a wata kasuwa, da hoton wani abin al'ajabi da aka ce ya faru a wata ƙasa.

Ita kanta fada ba baƙuwa ba ce a tarihin Nijar. Ta bunƙasa ne a farkon shekarun 1990, bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, lokacin da Samariyar zamanin Seyni Kountché ta riga ta watse, aikin gwamnati ya yi wuya, samari suka rasa inuwar da za su fake. Daga birane ta gangara ƙauyuka. Har wata malamar jami'a a Amurka, Adeline Masquelier, ta wallafa littafi sukutum a kanta a 2019. Abin kunya ne a ce baƙo ya tsallako teku ya zauna a kan tabarmar yana sauraro, alhali malamin da gidansa ke kallon fadar bai taɓa tsayawa ya ji abin da ake faɗa ba.

Ƙugiyar da ta faɗi

A fara da abin da samari ke ɗauka abin dariya, wato tabargazar na'ura wajen rubutu. Wani ya aika wa abokinsa cewa ya zo fada, shi kuma ya karanta cewa ya zo faɗa. Wani ya rubuta cewa baƙi sun iso, saƙo ya isa da baki sun iso. Wani an aike shi sayen nama marar ƙashi, abin da ya bayyana a fuskar waya sai da ya sa aka tuntsire da dariya har shayi ya zube. Ana dariya ana wucewa, amma abin da ke ƙarƙashin dariyar babba ne. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, su ne ke raba ƙasa da kasa, da ƙafa da kafa, da gaɗa da gada, da ɓari da bari. Harshen da rubutunsa bai nuna tsawon wasali ba, bai kuma nuna karin sauti ba, idan aka ƙara cire masa ƙugiya, to an bar mai karatu da canke kawai.

Waɗannan haruffa ba daga sama suka faɗo ba. A shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a Zariya, zamanin da Rupert East ke jagorancin hukumar talifi, littattafai da jarida suka yaɗa su. A 1966 masana suka zauna a Bamako ƙarƙashin UNESCO don daidaita haruffan harsunan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausa. A 1980 aka sake zama a Yamai don kusanto da rubutun Nijar da na Nijeriya. A 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da dokar da ta tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa. Tun 1973 kuwa aka buɗe ajin gwaji na koyarwa da Hausa a Damagaram. Aikin shekaru kusan 90 ke nan, na mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu a kan baƙi da wasali.

To, me ya rushe wannan gini cikin ƙasa da shekaru 20? Ba ƙiyayya ba ce, lissafin aljihu ne. Tsarin gajeren saƙo na salula a Turai aka ƙera shi, kuma jerin haruffan da aka tanadar masa ya ƙunshi é da è da à da ñ da ü, amma babu ko ɗaya daga cikin masu ƙugiya. Saƙon da aka rubuta da haruffan wannan jeri yana ɗaukar harafi 160. Da zarar an saka ƙ ɗaya tak, sai waya ta koma wani tsarin da ba ya ɗaukar fiye da harafi 70. Ke nan saƙo mai harafi 100 kuɗin saƙo ɗaya ne idan an rubuta shi da kuskure, kuɗin saƙo biyu ne idan an rubuta shi daidai. Wannan ma ga wayar da ta san haruffan ke nan, domin yawancin ƙananan wayoyin da suka fara shigowa bayan buɗe layin Celtel a 2001 ba su da su kwata-kwata. Da haka aka yi wa rubutun Hausa tara ba tare da wani ya sa hannu a kan doka ba, aka kuma tashi da samari da ƴan mata masu yawa da yatsunsu suka saba da barin ƙugiya.

Abin takaicin shi ne, dalilin ya gushe amma ɗabi'ar ta zauna. Haruffan nan huɗu suna cikin kundin Unicode tun farkon shekarun 1990. WhatsApp ba ya ƙirga harafi ya caji kuɗi. Wayoyin Android na yau suna karɓar madannan Hausa, kuma saka su ba ya kai tsawon lokacin da butar shayi ke ɗauka kafin ta tafasa. Da malami zai tsaya ya yi wa saurayi gyara, da amsar da zai ji ba ta wuce: "Mushe, ai wayata ba ta da ƙugiya." Da kuma zai karɓi wayar ya nuna masa inda take, da kafin a sha ruwa na uku duk fadar ta koya, domin a wannan fanni samari ba sa buƙatar a maimaita musu. Sai dai kash, malamin da kansa bai saka madannan ba. Ana iya ganin sanarwar bikin Ranar Hausa ta Duniya, wadda ake yi kowace 26 ga Agusta tun 2015, tana yawo a wayoyi da kiran a kare martabar "kasa" da "dabi'u". Wanda zaninsa ya yage a kasuwa ba shi da bakin yi wa wani dariyar faci.

Wani zai ce, ai mai jin Hausa yana gane abin da ake nufi, da ƙugiya ko babu. Haka ne ga wanda ya sha harshen a nono. Amma tun daga watan Maris na 2025, lokacin da Kundin Sake Gina Ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, masu karanta Hausa sun wuce Hausawa. Bazabarme a Dosso da Babarbare a Diffa da Bafillace a rugarsa, idan za su karanta sanarwa ko takardar asibiti da Hausa, ba su da abin dogaro sai abin da ke rubuce. Bugu da ƙari, akwai wani sabon ɗalibi da ba ya jin kunya kuma ba ya mantuwa, wato na'ura. Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya buɗe da Hausa a 2016, kuma duk irin waɗannan manhajoji daga rubutun mutane suke koyo. Abin da aka fi rubutawa shi suke ɗauka daidai. Idan aka cika intanet da Hausa marar ƙugiya, gobe na'urar ce za ta ja wa yaron da ya rubuta daidai jan layi.

Akwai kuma wata asarar da ta fi wannan ɓoyuwa. Mafi yawan Hausar da ke intanet daga jaridun Kano da Kaduna da Abuja da gidajen rediyon ƙasashen waje ta fito. Hausar Gobir da ta Adar, wadda ke cewa biyat da wanga da hura, wadda ke kiran makaranta lakkwal, tana kiran wutar lantarki kuran, ba ta da yawa a rubuce. Daidaitacciyar Hausa tana da matsayinta, babu mai jayayya. Amma karin harshen da ba a rubuta ba, na'ura za ta ɗauke shi kuskure, yaro kuma zai yarda da na'ura, ya fara jin kunyar bakin kakarsa.

Fim: makarantar da ba ta da malami

Batu na biyu shi ne fim, kuma a nan ne masu ilimi suka fi ɗaga murya. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, ake zargin fim ɗin Hausa da kwaikwayon Indiya da ɓata tarbiyya. An raɗa wa sana'ar suna Kannywood a 1999, jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, kaset ya ba faifai wuri, faifai ya ba katin memori wuri, Arewa24 ta buɗe a 2014, shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka mamaye wayoyi daga 2020, amma zargin bai canza ko wasali ɗaya ba. Shekara fiye da 30 ana maimaita tsinuwa ɗaya, masu kallo kuma kullum ƙaruwa suke yi. Mai hankali ya isa ya gane cewa tsinuwa ba ta yi magani ba.

Da masu zargin za su saurari abin da ake faɗa a fada bayan an kashe fim, da sun ji abin da zai ba su kunya. Ana gardama kan ko hukuncin da uba ya yanke wa ƴarsa a labarin ya dace da shari'a da al'ada. Ana cewa marubucin ya ja labari don kawai ya ƙara kashi. Ana auna fassarar Algaita da ta wasu, ana cewa wancan ya sa karin magana inda bai dace ba, wannan kuma ya sa wa sarkin Indiya bakin ɗan tasha. Ana lura da kalmar da Bakano ya faɗa wadda ba haka ake faɗarta a Dakoro ba. Jigo, da zubi, da salo, da zaɓen kalma: abin da ake koyarwa a jami'a da sunan nazarin adabi ke nan, ana yin sa a kan tabarma ba tare da an san sunansa ba. Malamin da ke kukan ɗalibansa ba sa iya taƙaita labarin shafi biyu da Faransanci, bai san cewa ɗaliban nan suna iya warware labari mai kashi 50 daga farko har ƙarshe ba tare da sun tsallake ko mutum ɗaya ba. Basirar tana nan, ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ce ba ita ba.

Amma akwai giɓi, kuma a nan ne laifin ƙungiyoyin al'adu ya fito fili. Saurayin da ya san Ali Nuhu da Rahama Sadau kamar ƴan gidansu, da wuya ya taɓa ganin fim ɗaya na Oumarou Ganda, wanda Le Wazzou polygame nasa ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972, karon farko da aka ba da ita. Da wuya ya ji sunan Moustapha Alassane, wanda ya ƙare rayuwarsa yana zaune a Tawa, maƙwabciyar jihar Maraɗi, ya rasu a 2015. Shi Alassane tun 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka shiga kwaikwayon abin da suka gani a fim har suka hana gari zaman lafiya. Wato matsalar da ake ta kuka da ita yau, ɗan Nijar ya riga ya mayar da ita fim shekaru kusan 60 da suka wuce. Wane darasi ne ya fi a nuna wa fada wannan fim a bar ta ta yi gardama a kansa? Haka wasannin kwaikwayon Yazi Dogo da abokan aikinsa na Damagaram, waɗanda suka sa iyaye dariya a talbijin, nawa ne daga cikinsu ke cikin katin mai turi a Dakoro? Ana nuna finafinan Ganda da Alassane a bukukuwan Turai da zaurukan Yamai, a gaban masu takalmi sau ciki, sannan a koma ana zargin ɗan ƙauye da rashin kishin al'adarsa. Ba a ƙin abin da ba a taɓa gani ba.

Kada kuma a raina katin memori. Mdou Moctar, ɗan Abzinawa daga jihar Tawa, ya je Sakkwato a 2008 ya naɗi waƙoƙinsa da salon kiɗan finafinan Hausa. Ba kamfani ne ya yaɗa su ba, daga waya zuwa waya suka bi har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara kiɗa ya tsince su, ya saka ɗaya cikin faifan da ya fitar a 2011. Daga nan mawaƙin ya shiga zagaya duniya da gitarsa. Hanyar da ke kawo fim ɗin Indiya Korahane ita ce dai hanyar da za ta iya fitar da waƙar Korahane waje, in an ɗora mata kaya.

Tsince-tsince: inda rai ke ciki

Batu na uku shi ne mafi haɗari. Saƙon murya, wanda WhatsApp ya shigo da shi a 2013, ya buɗe wa wanda bai yi boko ba ƙofar da rubutu ya rufe masa. Tsohuwa tana jin muryar ɗanta da ke cirani a Libiya ko wurin haƙar zinariya a Jado, makiyayi yana jin inda ruwa ya sauka, manomi yana jin farashin tiya a Maraɗi kafin ɗan kasuwa ya zo masa da nasa. Wannan alheri ne da ba ya musantuwa. Amma ta wannan ƙofa ce kuma murya marar suna ke shigowa tana cewa an kashe, an ƙone, an sa guba a rijiya, tare da hoton da aka ɗauka a wata ƙasa shekaru da suka wuce aka liƙa masa sunan ƙauyen da ke kusa.

A yanki irin na Dakoro, inda gona da burtali ke kafaɗa da kafaɗa, inda dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa amma yawan jama'a da fari suka tura garma ta tsallake ta, irin wannan saƙo ba abin wasa ba ne. Jihar Maraɗi ba ta manta da Toda ba, a yankin Gidan Rumji, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane fiye da 100 a 1991, yawancinsu mata da yara. A lokacin babu salula, da ƙafa labari ke tafiya. Yau kafin mai gari ya ɗaura rawani, saƙo ya isa ƙauye goma. A Indiya sai da jita-jitar waya ta sa aka kashe bayin Allah a 2018, kafin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda, ya kuma faɗaɗa wannan ƙa'ida ga duniya a farkon 2019. Ƙa'idar kamfani tana rage gudun ƙarya, amma ba ta koya wa mutum gane ta.

Gane ta kuwa a fada ake yi, ko a kasa yi. A kowace fada akwai wanda ke cewa: "Kai, abokina, dubi lambar motar nan, ai ba ta ƙasar nan ba ce." Akwai mai lura da cewa ciyawa kore ce shar a hoton da aka ce jiya aka ɗauka, alhali ana tsakiyar bazara. Akwai mai tambayar wa ya aiko, shi kuma daga wa ya ji. Wannan tambaya ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce a ƙasar da malaman zaure suka shekara ɗaruruwa suna koyar da cewa ba a karɓar ruwaya sai an san masu ruwaitowa. Irin wannan saurayi shi ne katangar gari, amma sau da yawa shi kaɗai ne, kuma masu zafin kai sun fi shi murya. Da malamin boko ko na zaure zai zauna kusa da shi sau ɗaya a mako ya ce masa ya yi gaskiya, da maganarsa ta yi nauyi.

Uzurori uku

Masu ƙaurace wa fada suna da uzurori, kuma adalci ne a saurare su. Na farko, suna cewa yankin da yara ke karatu a ajin zana, wanda ake jiran damina da fargaba, ba shi da lokacin zancen ƙugiya da fim. Amsa ita ce, gina aji yana buƙatar kasafin kuɗi da sa hannun Yamai, amma saka madannan Hausa a waya ba ya buƙatar ko dala. Wanda ya kasa yin abin da ke hannunsa don yana jiran abin da ba ya hannunsa, uzuri yake nema.

Na biyu, suna cewa fada ba wurin mutunci ba ce, akwai batsa a wayoyin, akwai caca, akwai ƙwaya, akwai raba dare a bar gona da safe. Wannan gaskiya ne a wasu fadodin, kuma ba za a wanke samari tas ba, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk inda dattijon kirki ya janye, wani ne ke maye gurbinsa, kuma a yau wanda ke maye gurbin yana iya kasancewa a wata nahiya, babu wanda ya san fuskarsa. Girman malami ba ya zubewa don ya karɓi kofin shayi daga hannun tsohon ɗalibinsa. Yana zubewa ne ranar da ɗalibin ya gane cewa malamin ba shi da abin faɗa game da duniyar da yake rayuwa a ciki.

Na uku, suna cewa fada ta maza ce, duk wanda ya mayar da hankali a kanta ya manta da mata. Wannan shi ne uzuri mafi ƙarfi, amma ƙarin aiki yake nunawa, ba dalilin barin aiki ba. Ƴan mata suna da tasu hirar a tsakar gida da gidan biki da bakin rijiya, kuma su ne suka fi karanta ƙagaggun labaran Hausa da ke yawo a WhatsApp da Wattpad, waɗanda yawancin marubutansu mata ne. Mai yiwuwa babu wani rubutun Hausa da ake karantawa da yawa a yau kamar waɗannan labarai. Malamai mata da ƙungiyoyin mata suna da tasu tabarmar da ke jiran su.

Abin da ya rage

Ba taron ƙara wa juna sani a otal ake buƙata ba, an yi su da yawa. Abin da ake buƙata ƙarami ne, kuma a bayyane yake. Kowane malami ya fara da wayarsa, ya saka madannan Hausa, ya daina aika saƙo marar ƙugiya, sannan ya nuna wa fada ɗaya a unguwarsa. Kowace ƙungiyar al'adu ta daina buga sanarwa sai wani da ya san ƙa'ida ya duba ta. Ƙungiyoyin su nemi izinin masu haƙƙi da na cibiyoyin da ke ajiye da tsofaffin finafinai da wasanni da waƙoƙin Nijar, irin su gidan rediyo da talbijin na ƙasa da IRSH da CELHTO, su kai su wurin masu turi a Dakoro da Kornaka da Sabon Mashi, domin mai turi shi ne ɗakin karatun karkara ko an so ko an ƙi. A ba samarin fada aikin da wayarsu ta iya: su naɗi tatsuniyar tsofaffi, da kirarin mafarauta, da waƙar daka, da tarihin kafuwar garuruwa da rijiyoyi, su rubuta su da bakin masu su, malami ya duba rubutun. A aji kuma, a ware sa'a ɗaya a ɗauki saƙo ɗaya da ke yawo a gari, a tambayi yara wa ya faɗa, yaushe, kuma da wace shaida.

Wanda ke ganin yara ba za su iya ba, ya tuna da Ibrahima Barry da Abdoulaye Barry, ƴan'uwa biyu a ƙasar Gini, waɗanda suna yara ƙanana a 1989 suka ƙirƙiro wa Fulatanci haruffan Adlam don ƴan'uwansu su riƙa karanta wasiƙa ba tare da canke ba. A 2016 haruffan suka shiga Unicode, yau ana rubuta su a waya da kwamfuta. Tifinagh na Abzinawa ya riga su shiga tun 2005. Hausa ba ta buƙatar ƙirƙiro komai, nata haruffan suna cikin wayar tuntuni, mai nunawa kawai suka rasa.

Doka ta ba Hausa matsayi a takarda, amma takarda ba ta koyar da yatsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen iccen yana can zaune a gindin katanga a Korahane, da sauran garuruwa irinta, kowane dare bayan isha'i. Ga malaman da ke wucewa da fitila a hannu, hanya ba ta da nisa: sallama ce, da cire takalmi, da karɓar kofi. Allah ya sa masu ilimi su gane tun shayin bai huce ba.